Abin da Ban Faɗa wa Innarki Ba

Gaya, ranar Laraba

Uwani ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gidan da suka ba ki masauki a Karakara. Ki gaishe mini da majonku, shugaban asibitinku, ko da yake ban san shi ba, ki ce uban sabuwar ma'aikaciyarsa yana yi masa fatan alheri. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa aikin jinyar nan ya zame miki abin tsira gobe kiyama.

Na san za ki yi mamaki. Ga waya a hannunki, ga waya a hannuna, me ya kai tsoho ga biro da takarda? To, in na kira ki, da kin ce “Baba ina wuni” sai bakina ya mutu, in ɓige da tambayar ko an yi ruwa a wajenku. Rubutun nan da na koya a karatun manya ba shi da kyau, ke da kanki kin sha yi masa dariya, amma shi ba ya jin nauyinki kamar yadda nake ji.

Ranar da za ki tafi kin tsaya a zaure da jakarki, kin ce, “Baba, yaushe za ka gaya mata?” Na ce ki yi sauri mota za ta tashi. Kin san ba amsa ba ce. Innarki ba za ta warke ba. Ni na sani, ke ma da kika duba hoton ƙirjinta kin sani, ita mai ƙirjin ce kaɗai aka bari tana jiran sauƙi. Na hana ki buɗe baki, na ce wannan hurumina ne, kika yi mini biyayya kina kuka. Amsar tambayarki tana ƙasa, amma kada ki tsallake. Ina so ki fara jin yadda aka kai nan, don lokacin kina lakwal a Yamai kina koyon jinya, mun ɓoye miki kusan kome kada karatunki ya lalace. Kuma maza irina za su riƙa shigowa ɗakin aikinki kullum, da hula da carbi da matansu a baya. Gara ki san mu.

Kin san ni Ba'are ne, Bahaushe, cinikin kifi ya kawo ni Gaya. Innarki ƴar Dandawan Tanda ce, ita ke bandar kifin, ni ke kaiwa kasuwa. Hausarta ta ciniki ce da gaisuwa da yi wa yara faɗa. Dandancina ma bai fi haka ba. A haka muka zauna shekara da shekaru, ba mu taɓa jin mun rasa kalma ba, sai da ciwo ya shiga cikin jikinta. A nan na gane ba ta san yadda ake faɗin abin da ke cikin ƙirji da Hausa ba, ni kuma na ɗauki kaina tafinta ba wanda ya naɗa ni.

Da tarin ya fara, hayaƙi muka ɗora wa laifi. Wace mai banda ce ba ta tari? Sai da ta riƙa tashi da zane jiƙe da zufa, ta rame har awarwaronta yana zamewa, sannan na ɗauke ta zuwa wani ɗan asibiti da ba zan kama sunansa ba. Ma'aikacin da muka tarar mutumin gabas ne, ba ya jin Dandanci. Ko ɗaga kai bai yi ya dube ta ba, ni ya tambaya, “Malam, me ke damunta?” Na ce tari da zazzaɓi. Sai ta ja gefen rigata, ta yi mini magana ƙasa-ƙasa, doguwar magana. Cewa ta yi wani lokaci tana ganin jini a bakin gyalenta in ta yi tari, kuma abin ya daɗe. Ƙofa a buɗe take. A kan bencin waje akwai wani mutumin Kamba da ke sayen kifi a hannuna. Na juya na ce wa ma'aikacin, “Ta ce ƙirjinta na zahi.” Ya rubuta.

Uwani, ki rufe ƙofa. Ko zafi zai kashe ku, ki rufe. Ki dubi fuskar mai ciwo, ita ta zo, mijin rakiya ya yi. In kika ga mace ta yi doguwar magana, mijin ya mayar miki da kalma uku, ki ajiye biro ki ce, “Baba, ina sauran?” Zai ji haushi. Ni ma da an yi mini haka da na ji haushi, amma da na faɗa.

Duk da haka ma'aikacin ya ce a gwada majinarta. Aka miƙo mata ɗan gwangwanin roba mai murfi, a tsakar fili, gaban maza da mata, aka ce, “Tofa a nan.” Shi ke nan bayanin. Kin san Innarki. Matar da ko atishawa ta kama ta gaban baƙo sai ta shige ɗaki, ita za ta tsaya tana kakarin majina gaban mazan mutane? Ta juya baya, ta rufe kai da gyale, ta tofa ɗan yawu, ta rufe da sauri kamar ta yi sata. Ina tsaye ina gani. Ban san akwai bambanci ba, ita ma ba ta sani ba, wanda ya karɓa kuwa bai duba ba. Sakamako ya fito aka ce ba a ga kome ba, aka rubuta mana ordonas, takardar sayen maganin tari. Har tsire na saya a hanya don murna. Damina guda muka yi a haka, cutar na cin ta, ni ina ce wa mutane an gwada ba kome.

Da muka koma, wata Bazabarma muka samu a ɗakin gwaji. Zabarmanci da Dandanci kusan abu ɗaya ne, sai kawai na ji suna magana ba ta kaina ba. Matar nan ta ce mini, “Baba, jira mu nan.” Ta ja ta can bayan gini inda ba kowa. Daga baya Innarki ta ce mini matar da kanta ta dafa ƙirji, ta ja numfashi, ta yi kakarin a gabanta har suka yi dariya, sannan ita ma ta iya. Ni kuwa ina kan benci ina cika ina batsewa, wai an raba ni da matata ba a nemi iznina ba. Abin da matar nan ta yi bai fi ɗan lokacin shan shayi ba, shi ne kuma ya nuna cutar. In kin ba mace gwangwanin nan, ki kai ta inda ido ba ya kaiwa, ki yi a gabanta. Kada farar rigar nan ta sa ki ji kin fi ƙarfin kakari.

Ni kaɗai na je karɓar sakamako, don ranar ba ta iya tashi. Majo, shugaban ma'aikatan wurin, ya ce mini tarin fuka ne. Ya ce akwai magani, kyauta ne, ana warkewa, amma sai an sha shi wata shida ba fashi, ko da ta ji ta warke. Yana rubutu yana zuba bayani kamar mai karanta wa wani sanarwa. A ciki har ya ce fitsarinta zai yi ja, kada mu ji tsoro, aikin maganin ne. Duk na ji. Amma tun daga kalmar farko hankalina ya bar ɗakin, ya tafi kasuwa. Wa zai sayi kifin da mai tarin fuka ta banda? Ina tunanin bakin matan unguwa, ina tunanin danginta su ce a gidana ta ɗauka. Kafin in iso gida na gama shirya abin da zan faɗa. Na ce mata sanyi ne ya kama ƙirjinta, an ba da magani mai tsawo.

Da na kai ta a fara maganin, majo ya ɗora ta a kan ma'auni, ya ƙirga ƙwayoyi, ya dube ni ya ce, “Ka yi mata bayani?” Na ce na yi. Ya ce madalla. Tana zaune a gabansa, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Da ya nemo Bazabarmar nan ta tambaye ta ko da sunan ciwonta ne, da asirina ya tonu a wurin, da yau ba wannan takardar nake rubutawa ba. Ba ina ɗora masa laifina ba ne. Layin da ke jiransa ya kai bakin titi, na gani da idona. Amma ke, ko layin ya kai bakin kogi, kada ki taɓa tambayar miji ko ya yi bayani. Ki tambayi mai ciwo, “Me aka ce yana damunki? Wata nawa za ki sha? In kin ga kaza, me za ki yi?” Ki bari ta maimaita da bakinta. In ba ki jin harshenta, ki nemo macen da ba danginta ba ce ta tsaya tsakaninku.

A gida na ware mata kofi da kwano, na mayar da ƙannenki ɗaya ɗakin, na ce don ta huta. Ta karɓi kofin da kwanon. Ashe a ranta ta ɗauka ƙyamarta nake yi don ta rame. Allah ne kawai ya tsare yaran nan, ba dabarata ba.

Maganar fitsari kuwa ban isar ba. Ba mantawa na yi ba. Tun da muka yi aure ban taɓa yi mata maganar abin da ke faruwa a bayan gida ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba, haka muka taso muka ga ana yi. Na ce a raina ƙaramin abu ne, in ta gani za ta gane. Ta gani, ta ɗauka jini ne. Ta kasa gaya mini, ta gaya wa maƙwabciyarmu Gambi, ita kuma ta ce maganin ya fi ƙarfinta, yana ƙona mata ciki. Lokacin tarin ya lafa, ta fara cin abinci, har ta koma bakin banda. Ki duba da idonta: an ce miki sanyi ne, sanyin ya tafi, maganin kuma yana fitar miki da jini. Wace mai hankali za ta ci gaba? Kullum da safe sai ta ɓare ƙwayoyin ta jefa a wutar banda. In na dawo daga kasuwar Malanbil in ce, “Kin sha?” ta ce, “Na sha, Malam.” Ni ina yi mata ƙarya don in kare ta, ita tana yi mini don kada raina ya ɓaci, muna cin tuwo a gida ɗaya.

Da ciwon ya dawo, bai dawo da wasa ba. Wata safiya na tarar da ita durƙushe gaban tasa, jini ya rufe gindin tasar. A asibiti gaskiya ta fito cewa ta bar magani. Wani ma'aikaci ya hau ta da faɗa gaban jama'a. “Ku ne masu ba mu wahala! An ba ki magani kyauta kin zubar, yanzu kin zo kina numfashi sama-sama. Ke kika yi wa kanki!” Wannan kam Hausarta ta isa ta fahimta. Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan zanenta. Ni da na san wanda ya kamata a yi wa faɗan ina tsaye ina jan carbi. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji na tsani kaina.

Za ki gamu da waɗanda suka bar magani, da yawa ma. Ranki zai ɓaci, na san zuciyarki, irin tawa ce. Kafin ki ɗaga murya ki zauna ki ce, “Me kika gani da ya sa kika bari?” Ba wanda ke son mutuwa. Akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin yana tsaye a gefe da hula.

A wannan karon ba yadda zan yi, aka gaya mata sunan cutar, don maganin farko ya daina yi mata aiki, sai wani mai tsawo da wahala. A hanyar gida ta ce mini, “Malam, da ka ce mini tarin huka ne, ko garwashi anka ba ni sai in haɗiye.” Ta kuwa haɗiye. Ta sha maganin nan har ƙarshe, yana sa ta amai, yana juya mata kai, ba ta tsallake ko na rana ɗaya ba.

Za ki ce bayan wannan na yi hankali. Ban yi ba.

Da aka gama, numfashinta bai dawo ba. Daga ɗaki zuwa randa sai ta tsaya ta dafa bango. Aka tura mu wani babban asibiti, aka yi mata radiyo, hoton ƙirjin nan da kika gani. Likitan mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba. Ya kira ni waje, ya ɗaga hoton a hasken taga, ya ce ƙwayar cutar ta mutu, ba za ta sa wa kowa ba. Amma huhun ya lalace, tarin ya ci, hayaƙin shekaru ya ƙarasa, abin da ya rage ba ya komawa yadda yake, sai dai ya riƙa raguwa. Ya ce, “Malam, kai ka san matarka. In gaya mata, ko kai za ka gaya mata a hankali?” Na ce ya bar mini. Ya ji daɗi, na ga sauƙin a fuskarsa. Na shiga na tarar da ita tana gyara ɗankwali, ta ce, “Mi ya ce?” Na ce, “Ya ce cutar ta mutu.” Ban yi ƙarya ba, na dai tsaya a rabi. Da muka dawo ta sa aka toya masa aka raba wa yaran unguwa, sadakar godiya ga Allah da ya ba ta lafiya. Ni ma an ba ni, na ci.

Kada ki ba miji wannan zaɓin, Uwani. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, kuma haka al'adarmu take, babban labari maigida ake fara gaya wa. Gaya masa in kina so, amma ki ce, “Yanzu mu shiga tare.” Mu maza muna cewa muna tsoron kada zuciyar mace ta karye. Tamu ce ba ta iya ɗauka. Ni na fi son in ga tana murmushi tana jiran abin da ba zai zo ba, da in zauna gabanta in ga fuskarta lokacin da ta ji. Wannan ba tausayi ba ne, kaina na tausaya wa.

Yanzu ga amsarki. Shekaranjiya bayan la'asar na gaya mata.

Tana kan tabarma a gindin dogon yaro, ta jingina da matashi biyu, don yanzu ba ta iya kwanciya miƙe. Ta ce in an gama girbi tana so a gyara mata murhun banda, ƙarfinta ya kusa dawowa. Sai na ji ba ni iya ƙara kwana da abin. Na zauna na faɗa mata duka, yadda likitan ya faɗa, ban rage ba. Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Can ta ce, “Tun yaushe ka sani?”

Na ce, “Tun ranar da munka tahi anka yi hoto.”

Ta ce, “Lokacin uwata na da rai?”

Na ce, “Tana da rai.”

Kin tuna Kakarku ta Tanda ta yi ta aiko da saƙo bara, tana so ta ga ɗiyarta. Idonta ya riga ya tafi, da hannu take gane mutane. Innarki ta riƙa cewa, “Bari in ɗan yi jiki tukuna, kada ta shafa ni ta ji ƙashi, hankalinta ya tashi.” Lokacin tana iya zama a bayan moto, babur ke nan, Tanda kuma ba nisa. Sau nawa ta faɗi haka a gabana, ni kuma in ce haka ne, ki bari ki ƙara murmurewa. Har tsohuwar ta rasu, kuma a lokacin ko zuwa gaisuwa Innarki ba ta iya yi. Wallahi ban taɓa haɗa abu biyun nan a kaina ba sai da ta tambaya.

Ta bar Hausa ta koma Dandanci, tana yi tana tsayawa ta nemi numfashi, kuma duk da ƙarancin Dandancina ba kalmar da ta wuce ni. Ta ce mutuwa ba ta ba ta tsoro, ta wanke gawa ba ɗaya ba. Ta ce da ta san ba jikin da za ta yi, da ta tafi da ƙasusuwanta haka nan, ta kwanta kusa da uwarta ta shafa ta. Ta ce, “Ciwon nawa ne, kwanakin ma nawa ne. Kai ka riƙe su kana kashe mini yadda ka ga dama.” Na ce ta yafe mini. Ta ce za ta yafe, don ba ta so ta je gaban Allah da kaya, amma ba yau ba.

Tun daga lokacin tana amsa gaisuwata, tana karɓar ruwa a hannuna, ba ta ƙara kome. Jiya da safe ne ta kira ni ta ba ni saƙo, shi ya sa na zauna rubutun nan. Ta ce a kira mata ke. Ta ce tana da ɗiya da ta yi karatun abin nan, tana jin harshenta, amma an bar ta shekaru tana jin labarin ƙirjinta daga bakin mai sayar da kifi. Tana so ki zo da hoton ki nuna mata da yatsa inda ya lalace da inda ya rage, ki gaya mata abin da ke gaba, yadda zai zo, da abin da za a iya yi in numfashin ya ƙi. Ta ce akwai mutanen da take so ta gani, da kayan da take so ta raba da hannunta, kuma ba ta so a ƙara yi mata lissafin kwanakinta a bayan ido.

Na san ba ki daɗe da kama aiki ba. Ki nemi majonku ya ba ki ko kwana biyu ne, in ya ƙi ki nuna masa takardar nan, ba ni da sauran abin ɓoyewa. Kada ki ce sai ƙarshen wata. Na janye hanin da na yi miki. Duk abin da ta tambaya ki faɗa mata, abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, kada ki sassauta don ni.

Ta ce in kin zo ku biyu kaɗai take so a ɗakin. Na ce to. Zan shimfiɗa buzuna a zaure, in kun gama, in ta ga dama, ta aiko a kira ni.

Allah ya kawo ki lafiya, ya tsare motar da za ki shiga da wanda ke tuƙa ta. Allah ya sa ki tarar da ita da sauran numfashin tambaya. Ya ba ki bakin faɗin abin da ubanki ya kasa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba